Na ƙara masa kwalba biyu, ya fita ya kaɗe mai ƙosai

TAMBAYA

Baba Akawu, salamu alaikum. Ina gaisuwa, ya iyali, ya ƙarfin jiki? Ni ɗan Adar ne, daga wani ƙauye kusa da Tawa. Na zo Yamai neman na kaina, aikin da ya samu shi ne kai wa mutane giya a tebur a wata mashaya ta bakin kwalta. A gida sun san a gidan abinci nike aiki, don Allah a bar shi a haka.

Daren Asabar da ta wuce, wani mutum da ya saba zuwa wurinmu ya sha manyan kwalabe huɗu. Harshensa ya yi nauyi, da ya tashi zuwa kewaye sai da ya dafa bango. Ya dawo ya ce in ƙaro biyu. Na dubi maigida, ya yi mani alama da hannu in kai, na kai. Da ya shanye sai ya shiga zagin mutanen teburin kusa, maigida ya ce a fitar da shi. Ni da mai gadi muka raka shi ƙofa, ya hau motonsa da ƙyar. Bai yi nisa ba ya kaɗe wata mata mai ƙosai tana cikin kwashe kayanta. Ta karye a cinya, sauran man kasko ya ƙone mata hannu. Tana kwance a likita, shi yana kwamisariya, moton kuma babu asirans.

Yanzu an aiko mani da sammaci. Maigida ya ce tunda ni na kai kwalaben ni zan amsa, in kuma aka ci shi tara daga albashina zai cire. Har ya ce in yage shafin littafin da nike rubuta kwalaben kowane tebur. Baba, mi ya kamata in yi? Kaso za a kai ni?

Ɗanka, daga Yamai.

AMSA

Wa alaikumus salam, ɗana. Iyali lafiya lau, jiki sai godiya. Allah ya ba baiwar Allah nan sauƙi, ita da ba ta ci nanin ba nanin ta ci ta.

Kafin komai, kada ka taɓa shafin nan. Kada ka yage shi, kada ka soke wani abu a ciki, kada ka bar littafin inda wani zai yage a ce kai ne. In wayarka tana ɗaukar hoto, ka ɗauki shafin yau, ba gobe ba. Na yi aikin rubuta shari'u a kotu har na yi ritaya, kuma abin da ya fi jefa yara irinka a rami ba abin da suka yi ba ne, abin da suka yi daga baya don su ɓoye shi ne. Ka tuna yadda ake ciniki a wurinku: kwalba in ta ƙare ba a ɗauke ta, ana barin ta a kan tebur ko a ƙarƙashinsa har a zo lissafi. Mutanen da ya zaga sun ga kwalabe shida jere a gabansa, mai gadi ya gani, shi kansa in ya wartsake zai faɗa. Jami'in da ya buɗe littafi ya tarar da shafin Juma'a da na Lahadi, na Asabar babu, daga wannan lokaci ya daina kallonka a matsayin shaida. Kuma ka tambayi kanka wanda yagewar za ta amfana. Littafin nan shi ne abin da ke nuna kuɗin kwalabe shida sun shiga akwatin maigida.

To, maganar kaso. Wanda ya hau moto a buge ya kaɗe mutum shi ne babban mai laifi, wannan babu ja. Amma dokarmu ba ta tsaya a kansa ba. Kundin hukunta laifuffuka na Nijar, na 1961 da aka yi wa gyara mai yawa a 2003, yana da babi guda a kan maye a bainar jama'a da yadda ake tafiyar da gidajen giya. A ciki an hana mai mashaya ya ba wanda mayensa ya bayyana abin sha, an hana shi ma ya karɓe shi a wurin, an kuma hana ba yaron da bai cika shekara 18 ba. Hukuncin tara ne ko ɗaurin ɗan lokaci. Ka lura, wanda dokar ta fara ambata shi ne mai wurin, mai takardar izinin buɗewa. Wannan bai wanke ka tas ba, domin laifi a gaban alƙali na kowa ne da kansa, kuma "maigida ne ya sa ni" ba ya goge abin da hannunka ya yi. Sai dai alƙali yana auna wa ke ba da umarni, wa ke cin riba, wa kuma ke tsoron a kore shi in ya ƙi. Yaron da aka yi wa alama da hannu da mutumin da ya yi alamar ba a ma'auni ɗaya suke ba.

Akwai tuhuma ta biyu da ta fi wannan nauyi, wato jawo wa mutum rauni ba da gangan ba, ta hanyar sakaci ko ƙin bin ƙa'ida. Kafin a ɗora wa mai mashaya ko yaronsa wannan, sai mai gabatar da ƙara ya nuna abu biyu: an yi sakaci, kuma sakacin yana da hannu a karayar matar. A nan ne kwalabe biyun ƙarshe da rakiyar da kuka yi masa zuwa bakin moto za su zama abin magana. A ganina, yaro mai aiki, wanda bai taɓa shiga hannu ba, ya amsa sammaci da ƙafarsa, ya faɗi gaskiya, da wuya abin ya kai shi inda kake tsoro. Amma ni akawu ne, ba alƙali ba, don haka ka je da shiri.

Shirin kuwa ga shi. Ka je ranar da aka rubuta, da katinka na ɗan ƙasa. Ka faɗi abin da ka gani da idonka bi da bi: kwalba nawa, ƙarfe nawa, wa ya ce a ƙara, wa ya ce a fitar da shi. Kada ka ƙara gishiri don ka ɓata maigida, kada ka rage don ka kare shi. Da Faransanci za a rubuta bayaninka. In karatunka bai kai ba, ka ce a karanta maka a fassara maka da Hausa kafin ka sa hannu, in kuma an rubuta abin da ba ka faɗa ba ka ce a gyara. Sau da yawa na ga mutum ya tsaya gaban alƙali yana rantsuwa bai faɗi kaza ba, alhali ga sa hannunsa a ƙasan takarda. In aka ce za a tsare ka, tsarewar bincike a laifi irin wannan awa 48 ce, ana iya ƙara wasu 48 da izinin mai gabatar da ƙara. Ƙa'idar 2014 ta ƙungiyar UEMOA, wato ta ƙasashen Afirka ta Yamma masu kuɗin sefa, ta ba lauya damar tsaya wa mutum tun daga lokacin da aka kama shi. In ba ka da kuɗin lauya, akwai hukumar ANAJJ da aka kafa a 2011 don taimaka wa marasa hali a harkar shari'a. Ka tambaya a babbar kotun Yamai za a nuna maka ofishinsu.

Yanzu mu zo kan kuɗi, inda na san hankalin maigidanka yake. Da moton yana da asirans, da kamfanin ne zai ɗauki jinyar matar da diyyarta, domin dokar harkar asirans da ake kira CIMA, wadda Nijar ta sa wa hannu da sauran ƙasashe a Yawunde a 1992, ta wajabta asirans a kan duk abin hawa mai inji, moto ma yana ciki. Babu shi. Mutumin da ke shan kwalba shida a dare kuwa ba kasafai ake tarar da ajiya a ɗakinsa ba. Dangin matar, in sun sami mai ba su shawara, za su duba su ga wa ke da abin biya, kuma idonsu zai faɗa kan mashaya. Dokar farar hula da muka gada daga Faransa ta ba su hanya. Aya ta 1382 ta ce duk wanda laifinsa ya jawo wa wani asara sai ya biya. Ta 1383 ta ce ko da sakaci ne ko ganganci. Ta 1384 kuwa, wadda nake so ka haddace lambarta, ta ce ubangida yana ɗaukar ɓarnar da yaronsa ya yi a cikin aikin da ya sa shi. Faransawa sun sauya wa ayoyin lamba a 2016, sun koma 1240 zuwa 1242, mu muna nan da tsofaffin. Kai giya tebur aikin da ya ɗauke ka ka yi ne, a wurinsa, da lokacinsa. Saboda haka "kai ka kai, kai za ka amsa" magana ce ta tsorata yaro, ba ta doka ba.

Cire tara daga albashinka ma haka. Dokar aiki ta 2012 ba ta yarda maigida ya yanka wa ma'aikaci tara da kansa ba, balle ya juye masa tarar da kotu ta ɗora wa shi maigidan. Na san za ka ce ai ba takardar ɗaukar aiki tsakaninku. Ba komai. Yarjejeniyar baki ma yarjejeniya ce, ana tabbatar da ita da shaidu, da rubutunka da ke cike da littafin nan. In ya taɓa albashin ko ya kore ka a kan wannan, ofishin sufeton aiki za ka nufa.

Abin da ya fi tsaya mani a rai a wasiƙarka shi ne bakin ƙofa. Masu mashaya suna ɗauka in sun fitar da mashayi sun rabu da ƙaya. A wurin shari'a, lokacin ne suka fi shiga. Bari in ba ka labarin wata shari'a ta Kanada da masu koyon lauya a can suke karantawa har yau. A watan Janairun 1968, a lardin Ontariyo, wani mutum mai suna Menow ya zauna yana sha a otal ɗin Jordan House tun yamma. Ma'aikatan sun san shi, sun san in ya bugu ba ya kula da kansa, har an taɓa hana shi shiga. Suka yi ta ba shi har wajen ƙarfe goma na dare, da ya fara damun mutane suka kore shi, cikin duhu da ruwan sama, otal ɗin kuma a bakin babbar hanya. Yana tafe a kan kwalta mota ta kaɗe shi. A 1973 kotun ƙolin ƙasar ta tabbatar da hukuncin da ya raba laifin kashi uku daidai: ɗaya na direba, ɗaya na shi mashayin, ɗaya na otal. Kotu ta ce da sun kira masa taksi, ko ƴan sanda, ko wani nasa, ko su kwantar da shi a ɗaki tunda ɗakuna gare su. Ka ga wannan a ƙafa ma yake. Naku kun tsaya kuna kallo yana lalubar makulli.

Hukuncin Kanada ba ya ɗaure alƙalin Yamai, amma tambayar da zai yi ita ce dai wannan: me ka gani, me kuma ka yi da ka gani? A Amurka yawancin jihohi suna da dokar da ta ba wanda mashayi ya ji wa rauni damar ya kai ƙarar gidan da ya shayar da shi. A Ingila dokar 2003 ta sa tarar da ta kai fam 1000 ga wanda ya sayar wa bugagge yana sane, kuma yaron da ya miƙa ma yana ciki. A Faransa tarar ba mai maye giya tana kaiwa yuro 750, kusan jaka 492 ke nan, kuma ba a ba ka izinin buɗe mashaya sai ka yi horon awa 20. A can ne ma, a garin Clermont-Ferrand, wani mai mashaya ya rataye allo yana rubuta wanda ya fi kowa shan ƙananan kofuna na barasa mai ƙarfi. A 2014 wani dattijo ya sha 56 don ya wuce mai 55, washegari ya mutu. A 2015 kotu ta sami mai wurin da laifin kisa ba da gangan ba, ta yanke masa wata huɗu na jeka-ka-gyara-halinka, ta hana shi sana'ar shekara guda.

Tunda kana cikin aikin, ya kamata ka san abin da kake ɗauka a faranti. Babbar kwalba santilita 65 ce. In ƙarfinta kashi 5 cikin 100 ne, akwai barasa tsantsa wajen giram 26 a ciki. Hantar babban mutum giram 7 zuwa 10 take iya ƙonewa a awa, ba ta sauri don an roƙe ta. Kwalba ɗaya ke nan aikin kusan awa uku, kuma ita kaɗai tana iya kai mai kilo 70 wajen giram 0,5 a litar jini, iyakar da Faransa ta sa wa direba. Shida kuwa giram 156 ne, zai kai la'asar ɗin gobe bai gama fita ba. Kofi mai ɗaci, goro, shayi, watsa ruwa a ka, tsire mai yaji, duk ba sa rage ko giram ɗaya. Mutum dai ya buɗe ido, amma hannunsa da ƙafarsa na nan a buge. Wani abin kuma, giya ba ta gama shiga jini sai bayan rabin awa zuwa awa guda. Mutuminku ya fi buguwa a kan moto fiye da yadda ka gan shi a kan kujera.

Nan gaba, in ka ga harshe ya yi nauyi, ko ana maimaita magana ɗaya, ko an kasa ƙirga canji, to an kai. Kada ka ce masa "ka bugu" a gaban mutane, babu namijin da zai karɓi wannan. Ka sunkuya kusa da kunnensa ka ce, "Yallaɓai, ga ruwan sanyi, na yau ya isa, gobe ma rana ce." Ka jawo abokin zamansa cikin maganar, shi ya karɓi makullin, ba kai ba. A tura moton cikin gida a ɗaure, a tare masa taksi, kuɗin taksin bai kai na kwalba biyu ba. In ya tashi faɗa, 17 ce lambar ƴan sanda. In kuwa ya faɗi ba ya amsa kira, musamman irin yaran da ke haɗawa da tramol, kada a jingine shi a bango a ce zai farka, kada a ɗura masa komai. A kwantar da shi a kan gefensa don kada amai ya shaƙe shi, a kira 18, lambar ƴan kwana-kwana, wani ya tsaya a kansa. Barin mutum cikin haɗari alhali kana iya taimakonsa laifi ne mai zaman kansa a dokarmu.

Ba ka tambaye ni hukuncin addini ba, kuma yaron da ya ce wa uwarsa gidan abinci ne ba ya buƙatar in gaya masa. Ka san hadisin da ya lissafa mutum goma a kan giya, mai ɗauka da mai shayarwa suna ciki. Ban ce ka ajiye aiki gobe ka kwana da yunwa ba. Amma wanda ya iya riƙe lissafin tebur goma a kai cikin hayaniya, ya kwantar da mai faɗa da magana, gidajen abinci na gaske suna neman irinsa. In wannan ƙura ta lafa ka fara cigiya. Kuma in da hali, ka sami wani dattijo ya raka ka ka duba matar nan a likita. Kada ka yi maganar shari'a, kada ka yi alkawarin kuɗi, gaisuwa kawai.

TAMBAYA

Yaya Akawu, barka da aiki. Ni Kirista ce, a Yamai aka haife ni, ina da ƴar ƙaramar mashaya da takardunta cikakku. Damuwata yara ne. Maƙwabta sukan aiko yaro da kuɗi da jaka a ce "in ji kawu". Ga kuma ƴan lakwal da ke zuwa ran Juma'a da yamma, wasu har da gemu. In na hana, a ce na cika iyayi. Ina da laifi in na ba ɗan aike?

Ƙanwarka, daga Harobanda.

AMSA

Barka kadai, ƙanwata. Kina da shi. Hannun da ya karɓi kwalba shi ake dubawa, ba sunan da aka ambata ba, kuma ke ba ki bi yaron kin ga inda ya kai ta ba. Rabin "kawun" nan ma a bayan katanga suke, sa'o'in ɗan aiken ne. Ki ce wa yaro ya koma ya ce kawu ya zo da kansa. Sau biyu za ki yi, unguwa ta gane.

Masu gemu kuwa, gemu ba takardar haihuwa ba ne. Ki nemi kati ki duba shekara da kanki. Wanda ya ce ya manta, ga lemo. Ki rubuta a allo da manyan baƙaƙe cewa ba a sayar wa wanda bai kai 18 ba, ki rataye inda kowa zai gani, don yaranki masu aiki su sami abin nunawa in an matsa masu, kada abin ya zama rigimarsu da mai saye. Ki kuma gaya masu a fili cewa wanda ya hana yaro ko bugagge ba za ki yi masa faɗan ciniki ba, domin in suna tsoronki za su bayar a ɓoye. Masu cewa kin cika iyayi ki gaya masu a Faransa tarar wannan yuro 7500 ce, ta kusa miliyan biyar na kuɗinmu, a Amurka kuma tun dokar 1984 sai mai shekara 21. A nan gida, ban da tara, izinin da kike taƙama da shi hukuma ce ta ba ki, kuma tana iya rufe wurin in ƙorafin iyaye ya yi yawa. Ranar Juma'a da yamma ki zauna a kan akwatin kuɗi da kanki.